Zakka ga Yaro, Wakafi ga Makaranta: Nazari kan Tallafa wa Ilimi a Karkarar Arewacin Nijeriya

Tsakure

Wannan maƙala ta duba inda dukiyar masu kyauta take sauka idan ta nufi makarantun ƙauye a Arewacin Nijeriya. Hujjar da take kafawa ita ce, mafi yawan abin da ake bayarwa gini ne da rabon kaya na yini guda, alhali abin da ke riƙe yaro a aji ɗawainiya ce ta kullum: malamin da zai kwana a garin, abin da yaro zai ci, da abin da zai maye wa uwa gurbin ribar talla. An kawo sakamakon bincike daga Kenya da Burkina Faso da Afganistan, da tarihin makarantun Rosenwald a Amurka, sannan aka auna su da hukunce-hukuncen zakka da wakafi a mazhabar Malikiyya.

Gabatarwa



A rahoton da Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta fitar a 2022, mutum miliyan 133 ne, wato kashi 63 cikin ɗari na 'yan Nijeriya, ke cikin talaucin da ya haɗa rashin ilimi da lafiya da muhalli. A karkara adadin ya kai kashi 72, a birane kuwa 42, kuma miliyan 86 daga cikinsu a Arewa suke. Yawan yaran da ba sa zuwa makaranta kuwa ana saɓani a kansa: UNICEF ta daɗe tana cewa miliyan 10.5, UNESCO ta ce kusan miliyan 20 a 2022, saboda ta haɗa har da masu shekarun sakandare. Kowanne aka ɗauka, an san inda yawancin yaran suke.

A takarda, wannan nauyi na hukuma ne. Dokar ilimin bai-ɗaya ta 2004 ta wajabta karatun shekara tara kyauta, ta kuma ware wa hukumar ilimin bai-ɗaya ta ƙasa, UBEC, kashi 2 cikin ɗari na kuɗin shigar Tarayya, bisa sharaɗin jiha ta ajiye nata kason kafin ta ɗauka. Shekara da shekaru biliyoyin naira na kwance a asusun hukumar saboda wasu jihohi ba su ajiye nasu ba. A cikin wannan giɓi ne attajirai da ƙungiyoyin tsofaffin ɗalibai da 'yan gari mazauna birni da ƙungiyoyin agaji suke shigowa. Ba a rasa masu bayarwa ba a ƙasar Hausa. Tambayar da wannan maƙala ta sa a gaba ita ce, me ake saya da abin da aka bayar, kuma wa ke ci gaba da biya bayan mai kyautar ya koma gida?

Inda kyauta ta fi zuwa

Idan mai hali ya yi niyyar taimakon makarantar garinsu, abin da ya fi saurin zuwa masa shi ne ajujuwa biyu da ofis, a shafa fenti, a kafa allo da sunan mahaifinsa. Ban ga laifin wannan niyya ba. Gini ana ganinsa, ana iya ƙiyasta kuɗinsa tun farko, kuma ranar da aka miƙa mabuɗi an sauke nauyi. Albashin malami ba haka yake ba, kowane ƙarshen wata sai ya dawo.

Amma muna da misali babba a gabanmu, ko da yake na gwamnati ne. A watan Afrilu na 2012 shugaba Goodluck Jonathan ya buɗe makarantar almajirai ta zamani a Gagi da ke Sakkwato, kuma kafin ƙarshen mulkinsa an gina irinta fiye da 150 a faɗin ƙasa. An gina su, an miƙa wa jihohi. Ciyarwa da albashi da gyara ba su sami tsayayyen mai ɗauka ba, alarammomi da yawa ba a yi shawara da su ba, sai ga shi bayan 'yan shekaru wasu an mayar da su makarantun gama-gari, wasu kuma an rufe su. Idan Gwamnatin Tarayya da duk ƙarfinta ta faɗa wannan rami, ɗan kasuwa guda da ke Kano ko Legas ya fi kusa da faɗawa.

Ƙauye kuma yana da nasa lissafin. Malamin da aka tura daga hedikwatar ƙaramar hukuma, idan babu gidan da zai zauna, sai ya riƙa zuwa a kan babur. Da damina ta kankama, rafi ya kawo, zuwan ya koma sau biyu a mako. Ranar kasuwa aji yakan ragu. Lokacin noma da girbi yara maza suna gona. Yarinya kuwa tana ɗauke da farantin talla, domin uwar da ke cikin kulle ba ta da wata ƙafa zuwa kasuwa sai 'yarta, kuma da ribar nan ake tara kayan ɗaki. Enid Schildkrout ta bayyana wannan dogaro na uwa ga 'ya tun a bincikenta na Kano a shekarun 1970, kuma har yau bai kau ba. Ƙara da inifom da kuɗin PTA da na jarrabawa da littafin rubutu, za a ga karatun da doka ta kira kyauta yana da tsada a gidan da rumbunsa kan ƙare kafin sabon hatsi ya nuna. Sabon gini bai taɓa ko ɗaya daga cikin waɗannan ba.

Abin da bincike ya gano

Kada a fahimce ni da cewa gini ba shi da amfani. Inda babu makaranta sam, nisa kaɗai ya isa ya hana. Dana Burde da Leigh Linden sun gwada wannan a lardin Ghor na Afganistan: aka buɗe ƙananan makarantu a cikin ƙauyuka, ba tare da wani sabon gini na a-zo-a-gani ba, da malami ɗan yankin. Shigar 'yan mata ta ƙaru da kusan maki 52 cikin ɗari, ta maza da kusan 35. Kusanci da amincewar iyaye ne suka yi aikin, ba bulo da siminti ba.

Misalin da ya fi kama da namu shi ne na Burkina Faso. A shirin BRIGHT, an gina makarantu a ƙauyuka 132, kuma masu nazari irin su Harounan Kazianga sun samu cewa shiga makaranta ta ƙaru da kusan maki 19 cikin ɗari, 'yan mata suka fi amfana. Sai dai abin da aka kira makaranta a wannan shiri ya haɗa ajujuwa uku da gidajen malamai da rijiyar burtsatse da ban-ɗakin mata daban da na maza, da abincin rana, da hatsin da yarinya za ta kai gida idan ta kiyaye zuwa. Mai kyautar da ya karanta wannan sakamako ya ɗauki ajujuwan ya bar sauran, bai kwaikwayi abin da aka gwada ba.

Rabon kaya ma yana da nasa labarin. A yammacin Kenya wata ƙungiyar agaji ta ƙasar Holan ta raba littattafan karatu a makarantun karkara, sai Paul Glewwe da Michael Kremer da Sylvie Moulin suka bi sawu. Sakamakon da suka wallafa a 2009 ya nuna matsakaicin ɗalibi bai ƙaru da komai ba. Waɗanda tun farko suke kan gaba a aji su kaɗai suka amfana. Dalili kuwa, littattafan da Ingilishi aka rubuta su, harshe na uku ga yawancin yaran. Wannan ya kamata ya tsayar da duk wanda ya cika bayan mota da littattafan da 'ya'yansa suka gama da su a makarantar kuɗi ta Abuja, ya nufi ƙauyen da ɗan aji huɗu bai iya haɗa baƙi da wasali a Hausa ba. Littattafan koyon karatu da Hausa suna nan, irin waɗanda aka shirya a ƙarƙashin shirin RANA a Katsina da Zamfara, da shirin Mu Karanta a Bauci da Sakkwato. Buga su da horar da malami a kansu ya fi kwali goma na littattafan aro. A wannan yanki na Kenya dai, Edward Miguel da Kremer sun gano cewa maganin tsutsar ciki, mai ɗan karen arha, ya rage fashin makaranta da kusan kashi ɗaya cikin huɗu. Inifom kyauta ma an samu ya rage barin makaranta.

A gida, shirin ilimin 'ya'ya mata na GEP3, wanda UNICEF ta gudanar da kuɗin Birtaniya daga 2012 zuwa 2022, ya gwada bai wa iyaye mata naira 5,000 kan kowace yarinya duk bayan wata uku a jihohin Sakkwato da Neja. Shigar 'yan mata ta ƙaru. Hikimar abin ita ce an sa kuɗin a hannun wadda take asarar ribar talla. Rauninsa kuma shi ne raunin duk shirin da ke da ranar rufewa.

Makarantun Rosenwald

Zan ɗan daɗe a nan, domin ban san wani misali da ya fi wannan nuna yadda kyautar mutum guda za ta iya jan hukuma a hanci ba. A 1912 Julius Rosenwald, shugaban kamfanin Sears, ya amince da shawarar Booker T. Washington na kwalejin Tuskegee cewa a gwada gina ƙananan makarantu shida ga 'ya'yan baƙar fata a karkarar Alabama. Kafin a rufe shirin a 1932, an gina makarantu kusan 5,000 a jihohi 15 na kudancin Amurka, da gidajen malamai fiye da 200.

Abin lura shi ne rabon kuɗin. Rosenwald, wanda ake kiran makarantun da sunansa, kimanin kashi 15 cikin ɗari kawai ya biya. Baƙar fatar da kansu, manoman da yawancinsu ƙasar wani suke nomawa, sun haɗa abin da ya ɗara nasa, da tsabar kuɗi da fili da katako da aikin hannu. Kusan kashi biyu cikin uku kuwa daga baitulmalin hukuma ya fito. Rosenwald ba ya sakin ko sisi sai jama'a sun kawo nasu, sai hukumar ilimi ta yankin ta yarda makarantar ta zama tata, ta biya malami, ta buɗe ta aƙalla wata biyar a shekara. Daga baya aka ƙara tukwici ga yankin da ya tsawaita zangon karatu. Daniel Aaronson da Bhashkar Mazumder sun nuna a 2011 cewa shirin ya taka rawa mai yawa wajen rage tazarar ilimi tsakanin baƙi da farare a karkarar kudu.

Akwai ɗaci a cikin labarin, bai kamata a ɓoye shi ba. Waɗannan talakawa suna biyan haraji kamar kowa, harajin ya tafi makarantun farare, sannan aka ce su sake yin karo-karo don nasu. Masanin tarihi James Anderson ya ɗauki wannan a matsayin biyan haraji sau biyu, kuma yana da gaskiya. Mu ma idan muka ce ƙauye ya kawo nasa kason, sai mu kula kada mu ɗora wa wanda hukuma ta riga ta yi wa ƙwauro. Abin ɗauka a nan shi ne sharaɗin da aka gindaya wa hukuma. A wurinmu an saba akasin haka: mai kyauta ya gama gini, sannan a ɗauki tawaga a je roƙon hukumar ilimin bai-ɗaya ta jiha, SUBEB, ta turo malamai. Da tun kafin a haƙa harsashi aka sami takardar tura malami da sa hannun sakataren ilimi na ƙaramar hukuma, da ciniki ya sauya.

Zakka da wakafi

Ɗawainiyar kullum tana buƙatar kuɗin da ke shigowa kullum, kuma al'adarmu ta san haka tun kafin boko. Makarantar allo ba ta rayu da gini ba. Ta rayu da kuɗin Laraba, da sadakar sauka, da damin da ake kai wa malam da kaka, da gayyar da ake yi a gonarsa. 'Yan taru na Nana Asma'u, wadda ta rasu a 1864, matan ƙauye ne da jaji ke jagoranta zuwa wurinta, suna ɗauke da abin da suka tara na sadaka, su koma da karatun da za su koyar a gida. Ba aji aka gina musu ba, malama aka tanadar musu.

A nan ne bambancin zakka da wakafi yake da muhimmanci, kuma ana yawan cakuɗa su a tarukan neman gudummawa. Aya ta 60 ta Suratut Tauba ta iyakance masu cin zakka zuwa kashi takwas. Mashhurin ra'ayi a Malikiyya, kamar sauran mazhabobi, shi ne ba a gina masallaci ko makaranta da ita. Wasu malaman zamani, irin su Yusuf al-Ƙardawi, sun faɗaɗa ma'anar tafarkin Allah har ta ɗauki wasu ayyukan ilimi, amma a ganina ba ma buƙatar shiga wannan saɓani. Ɗan talaka da ba shi da inifom, da uwar da za ta rasa ribar talla, da malamin sa-kai da ba ya samun abin da zai riƙe gida, duk suna cikin faƙirai da miskinai ba tare da tawili ba. A ba su haƙƙinsu. Sai dai a tuna zakka mallakar wanda aka ba ce. Ana iya zaɓar gidajen da ke da yara a makaranta, a yi musu nasiha, amma ba a ƙwace ta don yaro ya yi fashi.

Akwai hukunci na biyu da ya dace da karkara ƙwarai: a Malikiyya ana raba zakka a inda ta wajaba, ba a ɗauke ta zuwa nesa sai in can sun fi buƙata. Zakkar amfanin gona, ɗaya cikin goma ga noman damina da rabin haka ga abin da aka shayar da wahala, idan ya kai ausuƙi biyar, wato wajen kilo 650, a ƙauye take fita. Manyan manoman da ke zaune a birni suna noma ɗaruruwan buhuna a ƙauyuka, zakkar ta bi motar hatsi ta koma birni, a raba wa masu layi a ƙofar gida. Da an bar ta inda aka nome ta, da gero da masarar da gidajen ɗalibai matalauta za su ci a watannin bazara da farkon damina sun samu. Kwamitocin zakka na masarautun Jigawa sun nuna cewa tattara hatsi ta hannun hakimai da dagatai abu ne mai yiwuwa.

Wakafi, ko hubusi kamar yadda Malikawa suka fi kiransa, shi ne ya dace da makarantar kanta. Asalinsa gonar Sayyidina Umar ta Khaibara: a tsare tushe, a ciyar da amfani. Da irinsa Azhar ta rayu ɗaruruwan shekaru. Malikiyya kuma ta fi sauran mazhabobi sauƙi a nan, domin ta halatta wakafin abin da ake iya ɗauka, kamar dabbobi da littattafai, ta kuma halatta na ƙayyadadden lokaci. Ke nan manomin da ba zai iya rabuwa da gonarsa har abada ba yana iya tsayar da amfaninta na shekara goma ga makaranta. Mai shago uku a kasuwar Dawanau ko ta Maigatari yana iya tsayar da hayar guda. Kuɗin da za a kashe a kan ajujuwa biyu, in aka sayi shago ko fadama da shi, zai iya riƙe alawus ɗin malama 'yar garin da gyaran burtsatse shekara bayan shekara. Na ce malama da gangan: iyaye sun fi sakin 'ya mace idan mace ce a gaban allo, shi ya sa shirin ilimin 'ya'ya mata na GEP ya ɗauki nauyin karatun 'yan matan karkara a kwalejojin ilimi bisa alkawarin su koma garuruwansu su koyar. Ɗaukar nauyin yarinya guda har ta sami NCE abu ne da ƙungiyar 'yan gari za ta iya.

Hukumomin da za su riƙe wannan suna nan: Zamfara ta kafa tata tun farkon dawo da shari'a, Kano tana da Hukumar Zakka da Hubusi, Sakkwato tana da Hukumar Zakka da Wakafi. Yawancin abin da suke rabawa ya fi karkata ga jinya da jari da marayu da abincin azumi, kuma babu wanda zai ce waɗannan ba buƙatu ba ne. Makarantar ƙauye dai ba ta cika samun nata layin a kasafinsu ba.

Riƙo da takarda

Wanda ya ce wakafi zai magance komai bai zauna a kotun shari'a ranar rabon gado ba. Matsala ta farko amana ce. Masu dukiya da yawa sun fi son su raba da hannunsu saboda ba su yarda da hukumar da gwamna ke naɗa shugabanninta ba, kuma ba za a ce ba su da dalili ba. Kwamitin kula da makaranta na SBMC, wanda ya haɗa mai gari da liman da iyaye mata da hedimasta, shi ya fi kusa da makaranta, amma a wurare da yawa sunansa kawai ke cikin fayil. Inda shirin tallafa wa ilimi na ESSPIN ya horar da irin waɗannan kwamitoci a Jigawa da Kano da Kaduna an ga sun motsa. Mafi ƙarancin abin da za a nema shi ne a karanta lissafin shiga da fita a bainar jama'a, bayan sallar Juma'a ko a ƙofar fada, sau biyu a shekara.

Ta biyu tsaro. Tun daga sace ɗalibai a Ƙanƙara a Disambar 2020, da Jangebe a Fabrairun 2021, zuwa Kuriga a Maris na 2024, akwai yankunan da makaranta da gonar wakafin duk ba sa shiguwa. A irin waɗannan wurare tallafin sai ya bi yaran zuwa garin da suka yi gudun hijira, a ƙarfafa makarantar da ta karɓe su.

Ta uku, wadda aka fi sakaci da ita, ita ce ta doka. A Malikiyya wakafi ba ya tabbata sai an karɓe shi daga hannun mai shi tun yana da rai da lafiya, kafin bashi ya cinye dukiyarsa. Wanda ya ce ya bai wa makaranta gona, amma ya ci gaba da nomanta yana kwashe amfanin har ya rasu, wakafin ya ɓaci, gonar ta koma gado. Wanda kuma ya jira sai yana ciwon ajali, abin ya zama wasiyya, ba zai wuce sulusi ba. Ga kuma Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978, wadda ta sa filayen karkara a ƙarƙashin takardar mallaka ta ƙaramar hukuma. Saboda haka gonar makaranta tana buƙatar naziri da aka ambata da suna, da wanda zai gaje shi, da shaidu a gaban alƙali, da iyakoki a rubuce, da takardar ƙaramar hukuma da sunan amintattu, ba da sunan hedimasta ba, domin shi ana iya yi masa canjin wurin aiki gobe. Ina ba sassan shari'a da na nazarin addinin Musulunci na jami'o'inmu shawarar su haɗu su tsara takardar wakafin makaranta mai shafi guda, da Hausar boko da ajami, wadda alƙali da sakataren ilimi duk za su karɓa, a ajiye ta a ofishin kowane hakimi.